HANNUN DA YA ZANA KAKA

Shafi na 17

Na ga saƙonninku kaf, har da na baiwar Allahn da ta ce ta yi fushi da ni sai na sako. To ki huce, ga shi nan. Yau ce ranar da malamai za su duba kundin zanen Auta.

*

Tun ƙarfe takwas Auta take zaune a ƙarshen bencin baranda, ƙatuwar jakar zanenta jingine da gwiwarta. Aikin shekara biyu ne a ciki. In kwamitin malamai ya gamsu da shi, ta gama kwaleji. In bai gamsu ba, sai abin da Allah ya yi.

'Yan ajinsu kowa da nasa. Wannan ƙawarta na riƙe mata allo, wancan abokansa sun tasa shi gaba wai jakin da ya zana ya fi kama da shi. Ana ta dariyar tsoro, ana ba juna ruwa.

Bencin da take kai kuwa zai ɗauki mutum huɗu, amma ita kaɗai ce.

Ba ƙinta suke yi ba. Yayanta malami ne a sashen, gani suke duk abin da aka faɗa a gabanta kafin yamma ya isa ofis. Ko sunanta ba su riƙe ba.

"Ƙanwar Malam, ara min abin goge fensir," in ji wata yarinya 'yar ajinsu.

Ta miƙa wa yarinyar.

"Ke kam kin huta. Ai an gama miki komai tun daga gida."

Auta ta yi ɗan murmushi. Yarinyar ta koma cikin ƙawayenta, abin gogen ma bai dawo ba.

A bangon da ke fuskantarta akwai wani zane na gawayi cikin firam mai gilashi. Tsohuwa ce zaune, ta ɗaga allura wajen haske tana ƙoƙarin zura zare. Kakar su Auta ce, Allah ya jiƙanta. A ƙasan zanen akwai sa hannun Yaya. Da shi ya fita na ɗaya a shekararsu, da shi kuma aka riƙe shi aka ba shi aiki.

Shekara biyu Auta tana wucewa ta ƙarƙashinsa, ba ta taɓa ɗaga kai ta kalle shi ba.

Masinja ya leƙo.

"Ƙanwar Malam, ke ake jira."

*

Ɗakin dogo ne, an haɗa tebur uku a tsakiya, ko'ina warin fenti da tsohuwar takarda.

Mutum uku ne. Shugaban sashe a tsakiya yana juya makullin motarsa a yatsa. A damansa Malama Sake, wadda ɗalibai suka laƙaba wa sunan saboda duk zanen da ka kai mata kalma ɗaya za ka ji: sake. A hagunsa wani dattijo ne baƙo da aka gayyato daga wata kwaleji, tabarau rataye a wuyansa da igiya.

"Shimfiɗa mana," in ji Shugaba.

Ta buɗe jakar ta fara jerawa. Guda ashirin da huɗu. Mai gyaran takalmi ya duƙufa kan aikinsa. Wata mata tana shanya. Fasinjoji a tashar mota. Hannun Umma riƙe da wuƙa da albasa. Tagar ɗakinta da safe.

Dattijon ya miƙe, ya saka tabarau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a hankali, hannayensa a baya.

"'Yata."

"Na'am, Malam."

"Mutanen nan naki babu mai kallonmu. Wanda bai juya baya ba ya sunkuyar da kai."

"Haka nake ganinsu, Malam."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, ya ce "Uhm," ya ci gaba.

Shugaba ya zaro wata takarda daga fayil.

"A farkon shekara kowane ɗalibi ya rubuta abin da yake son cimmawa. Ga naki. Na ɗaya, ki iya zana hannun mutum ba tare da kin ɓoye yatsu ba." Ya leƙa teburin. "Wannan kam babu magana. Na biyu, ki saba da launi."

"Guda uku kacal ta yi da launi," in ji Malama Sake. "Su ma kamar an sa ta dole."

"Na uku…" Shugaba ya ɗaga gira. "Kin rubuta, ina so a kalli zanena a ce nawa ne."

Malama Sake ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci.

"To a nan matsalar take. Masinja! Ciro min firam ɗin nan na baranda."

Auta ta waiwaya ta kalli ƙofa.

Aka shigo da zanen Kaka, aka kwantar da shi a tsakiyar nata. Malama Sake ta jawo hannun Umma mai albasa ta ajiye gefensa.

"Ku duba don Allah. Ku duba gaɓoɓin yatsun nan. Ku duba yadda aka bar farar takarda ta zama haske. Ku duba inuwar. Akwai bambanci?"

Ta juyo wajen Auta.

"Shekara biyu ina ce miki ki sake, kina dawo min da hannun yayanki. Na ɗauka sha'awa ce irin ta ƙanne, za ki gaji ki bari. Ashe abin ya wuce nan."

"Malama, ni na zana su."

"Ban ce ba ke kika riƙe gawayin ba. Mai kwafi ma ai da hannunsa yake yi."

"Ban kwafa ba."

"Ki yi a hankali," in ji Shugaba. Ya ajiye makullin. "Ba mu muka ƙirƙiri maganar ba. Mai zanen da kansa ya rubuto mana."

Ta ɗauka kunnenta ne.

"Wa?"

Ya zaro wata takardar. Tun daga nesa ta gane rubutun, mai kwanciya kamar zai faɗi. Ya karanta ba tare da ya dube ta ba.

"Ina sanar da kwamiti cikin takaici cewa ƙanwata ta taso tana kwafar zanena tun tana ƙarama. Na yi mata faɗa ba sau ɗaya ba, ba ta bari ba. Ina roƙon a sassauta mata, a bar ta ta maimaita shekara maimakon kora."

Auta ta dafa bakin tebur.

Yau da safe a mota ɗaya suka zo. Shi ya ɗora mata jakar a kujerar baya da hannunsa, har yana cewa ta yi hankali kada gefen takardun ya lanƙwashe. Da za ta sauka ya ce Allah ya ba da sa'a.

Ta kalli Kaka a ƙarƙashin gilashi, karo na farko cikin shekara shida.

Shekararta goma sha biyar lokacin. Yaya ya faɗi a duba kundi sau ɗaya, an ce in ya sake faɗi korarsa za a yi. Ya same ta a ɗakin tarkace tana zane a bayan tsohuwar kalanda, ya tsuguna a gabanta, ƙaton saurayi yana kuka da majina. Ya ce ta zana masa guda ɗaya kawai, ya saka a kundinsa. Guda ɗaya ya zama goma sha takwas. Kullum ta dawo daga makaranta sai ta kulle kanta ta yi ta yi har yatsunta su ƙage. Na Kaka shi ne na ƙarshe. Kwana tara tsohuwar tana zauna mata, tana mita wai an mayar da ita gunki.

Ranar da aka ba Yaya kyauta, Abba ya rungume shi a gaban mutane yana hawaye. Ita tana can baya riƙe da jakar Umma.

"Kin san doka," muryar Shugaba ta dawo da ita. "Kwafi a kundi kora ce. Kina da abin cewa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Shiru ma amsa ce," in ji Malama Sake.

Dattijon bai zauna ba tun ɗazu. Ya sunkuya kan firam ɗin har numfashinsa na dusashe gilashin. Ya koma kan hannun Umma. Ya sake dawowa. Can ya ɗauki takardar halarta da biro ya tura gabanta.

"'Yata, ba ki sa hannu ba."

Ta karɓi biron ta sa.

"Bahaguwa ce ke?"

"Eh, Malam."

"Da hagun kike zane?"

"Eh."

Ya juya wajen Shugaba.

"Shi yayan nata fa?"

"Shi me?"

"Da wane hannu yake zane?"

Shugaba ya dubi Malama Sake.

"Ai tarihin zane yake koyarwa," in ji Shugaba. "Sai kuma kula da kayan aiki. Ba ya ɗaukar ajin zane."

"Shekara nawa yana nan?"

"Shida."

"Cikin shekara shida babu wanda ya taɓa ganin ya ja layi?"

Shugaba ya girgiza kai.

"To rubutu fa? Rajista da wane hannu yake sa hannu?"

"Da dama," in ji Malama Sake a hankali. "Teburinmu ɗaya a taro."

Dattijon ya cire tabarau ya bar shi ya faɗa kan ƙirjinsa.

"Ku matso ku gani. Mai dama in yana cika inuwa, layukansa daga sama ta dama suke gangarowa zuwa hagu. Haka wuyan hannu yake tafiya, ba sai an koya wa mutum ba. Bahago kuwa nasa kishiyar haka ne. Ku dubi mayafin tsohuwar nan. Ku dubi ƙarƙashin haɓarta. Duk ta ina suka gangaro?"

Suka sunkuya su biyun.

"Mutum na iya juya takarda," in ji Malama Sake, amma muryarta ta rage ƙarfi.

"Yana iyawa, a lungu ɗaya ko biyu. Ba zane guda tun daga sama har ƙasa ba. Ga kuma inda gefen hannu ya goge gawayin, nan, da nan. Duk a ɓangaren hagu." Ya dubi Auta. "'Yata, wa ya zana tsohuwar nan?"

Idonta na kan ƙasa. Akwai ɗigon shuɗin fenti a simintin, shi ta ƙura wa ido.

"Ba za ki faɗa ba?"

"Malam, don Allah…"

"Shi ke nan, ban matsa miki ba. Je ki sha iska, ƙarfe biyu ki dawo." Ya juya ga Shugaba. "A aika wa yayan nata shi ma ya zo ƙarfe biyu. A ce masa zane za mu yi, shi da ita, rabin awa. Iyakar abin da za a faɗa masa ke nan."

*

Ofishin Yaya wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene, cikin gwangwanayen fenti da naɗaɗɗun takardu. Ta tura ƙofar ba ta yi sallama ba.

Yana tsaye, waya a hannu, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Saƙon ya riga ta isowa.

"Rufe ƙofar. Me kika gaya musu?"

"Ban ce komai ba."

"Ƙarya kike! In ba ki ce komai ba me ya kawo maganar in yi zane?"

"Yaya, sun karanta min takardarka."

Ya ajiye wayar kan tebur, ya sake ɗauka.

"Ba a ce za a karanta a gabanki ba."

"Abin da ya dame ka ke nan?"

"Auta, saurara. Taimakonki na yi. Malamar nan tun watan jiya take cewa za ta kai ki gaba. Da ban rubuta ba korarki za su yi kai tsaye. Ni na roƙa miki maimaici."

"Ka roƙa min."

"Eh mana! Shekara ɗaya ce fa. Ki canja salo, ki koma launi, ki fita lafiya. Wa ya mutu?"

"Ka ce tun ina ƙarama nake kwafarka."

"To me kike so in ce?"

"Ka ce ka yi min faɗa ban bari ba." Ta matso kusa da shi. "Yaushe, Yaya? A ɗakin tarkace? Lokacin da kake tsugune kana riƙe da ƙafata?"

"Rage murya!"

"Ko sau ɗaya ban taɓa yi maka gori ba. Ko sau ɗaya. Kullum in wuce ta gaban Kaka da sunanka a ƙasa, in sunkuyar da kai kamar ni na yi sata."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ka san a ajinmu babu mai zama kusa da ni? Ka san shekara biyu ni kaɗai nake cin abinci a bayan ɗakin karatu? Duk saboda ni ƙanwar Malam ce. Na ce ba komai, ranar duba kundi za a kalli aikina a kira ni da sunana. Ita kaɗai nake jira."

Ya zauna kan wani gwangwani, ya riƙe kansa da hannu biyu.

"Tun farko na ce kada ki nemi sashen nan. Na ce ki karanta wani abu. Na roƙe ki."

"Shi kaɗai na iya."

"Ni kuma ko shi ban iya ba!" Ya ɗago, idonsa ja. "Kin ɗauka daɗi nake ji? Kullum ɗalibi ya ce Malam nuna min, sai in ce ina sauri. Shekara shida ina sauri. Ko fensir na gani a tebur gabana faɗuwa yake. Ke kin ɗauka ke kaɗai ce ba kya barci?"

Tausayinsa ya taso mata, ta ji haushin kanta.

Wayarta ta yi ƙara a aljihun jaka. Ta duba. Umma.

Ta dube shi. Ya kawar da kai.

"Ka kira ta?"

"Ɗauka mana."

Ta ɗauka.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Yayanki ya gaya min abin da ake ciki. Ki saurare ni da kyau. Duk abin da suka tambaye ki, ki ce eh, kin kwaikwaye shi. Ki ba su haƙuri."

"Umma, ba ki san yadda abin yake ba. Zanen Kaka…"

"Na sani."

Auta ta jingina da ƙofa.

"Kin san me?"

"Ni na haife ku, ya za a yi in kasa sani? Wa yake wanke baƙin gawayi a hannun rigarki ta makaranta? Shi kuwa hannunsa fes kamar na liman."

"Tun lokacin?"

"Tun lokacin."

"Kuma ba ki taɓa ce min komai ba? Ko sannu?"

Auta tana jin ƙarar famfo na zuba a bokiti ta cikin wayar.

"Me zan ce, 'yar nan? In na ce miki sannu ai na yarda an yi. Ki duba, matarsa wata bakwai gare ta. In aka kore shi ina za su? Ga Abbanku da hawan jini, kin san yadda yake ji da maganar nan, duk wanda ya zo gidan nan sai ya nuna masa hoton ranar kyauta. So kike ya faɗi?"

"Ni fa, Umma?"

"Ke yarinya ce, shekara ɗaya ba za ta rage ki da komai ba. Ke mai haƙuri ce tun kina goye, ko kuka ba kya yi. Ki rufa mana asiri, Allah zai saka miki."

"Umma…"

"Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji."

"Yawwa. Allah ya yi miki albarka."

Umma ta kashe wayar.

Auta ta daɗe tana kallon fuskar wayar har hasken ya mutu.

"To kin ji," in ji Yaya. Ya miƙe yana gyara riga, muryarsa ta fara dawowa daidai. "Kina shiga ki ce kin amsa laifinki, ba sai an yi wani zane ba."

"Dattijon ba zai yarda ba. Sai ka zana."

"Wannan ki bar min, na san yadda zan yi da shi."

Ta dube shi. Bai san me dattijon ya gani a jikin zanen ba. Bai san maganar hagu da dama ba, masinja bai faɗa masa ba. Duk dabarar da yake shiryawa, a makance yake shirya ta.

Yayanta ne. Shi ya koya mata keke. Shi yake goya ta in ruwa ya cika hanyar makaranta.

Ta buɗe baki.

"Yaya, akwai abin da ya kamata ka sani. Mutumin nan ya lura da…"

"Don Allah ya isa haka!" Ya ɗaga mata hannu. "Kin cika ni da surutu. Kuma bari in gaya miki, ki daina ɗaukar kanki wata tsiya. Ba don sunana ba kin ɗauka za a ba ki gurbi a nan? Zanen ma da kike taƙama da shi, wa ya san da shi kafin in sa masa hannu? A bayan kalanda kike yi, Umma na kunna wuta da shi."

Ta rufe bakinta.

"Me za ki ce?"

"Ba komai."

"To fita, ina da abin yi."

Ta fita, ta ja masa ƙofar a hankali.

*

Bayan ɗakin karatu akwai wata matakala da ba a bi, nan take zama kullum. Ta zauna a mataki na uku. Abincinta na cikin jaka, ba ta buɗe ba.

Daga nan tana hango 'yan ajinsu a gindin bishiya. Yarinyar da ta ari abin goge ta fito da gudu tana tsalle, ƙawayenta suka rufe ta da ihu. Wani ya ɗaga waya suka matsu suna hoto.

Ta zaro tata wayar ta bi sunayen da ke ciki daga sama har ƙasa. Umma. Abba. Yaya. Matar Yaya. Mai ɗinki. Wakilin aji. Ta sake bi daga ƙasa zuwa sama, kamar wani zai ƙaru.

Ta mayar da ita aljihu.

Sau biyu tana miƙewa da niyyar komawa ƙarƙashin bene ta faɗa masa. Sau biyu tana kaiwa kwanar baranda ta dawo.

Ta kalli hannunta na hagu. Gefensa baƙi ne, baƙin da sabulu ya daina fitarwa tun tuni. Kaka ce kaɗai ba ta taɓa bugun hannun nan ba. Kowa ya ga ta miƙa shi sai ya ce ba ta da tarbiyya, ita kuwa tsohuwar cewa take ku ƙyale min ita, da shi aka aiko ta.

Hawayen da ta riƙe tun safe suka sauko. Ta bar su, babu mai gani.

Biyu saura minti biyar ta goge fuska da gefen mayafi ta tashi.

*

An kawar da teburan gefe. A tsakiyar ɗakin an kafa allon zane biyu masu ƙafa uku, suna fuskantar juna, kowanne da farar takarda da gawayi uku a kan ɗan faranti. Zanen Kaka na jingine a kan kujera.

Malama Sake ba ta dube ta ba. Shugaba ya daina wasa da makulli.

"Zo nan, 'yata," in ji dattijon. "Kin ci abinci?"

"Na ci, Malam."

"Ba ki ci ba. Tsaya a nan."

Ta tsaya gaban allon da ya nuna.

"Kafin ya zo, kina da abin da kike son faɗa mana?"

Muryar Umma na yawo a kanta. Ki ce eh. Ki ba su haƙuri.

"Malam, ni…"

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Yaya ya shigo da sallama, fuskarsa a yamutse. Hannunsa na dama naɗe yake da farin bandeji tun daga yatsu har wuyan hannu, ya rataye shi a ƙirji da wani ƙyalle.

"Subhanallahi!" in ji Shugaba. "Malam, me ya same ka?"

"Wallahi ranka ya daɗe tsautsayi ne. Ina sauke akwatin kayan aiki ya kuɓuce ya danne min yatsu. Yanzu na fito daga ɗakin magani." Ya juya ga dattijon yana ɗan rusunawa. "Malam, a yi min afuwa. Na so ƙwarai in yi zanen nan, amma ka ga yadda Allah ya yi. Ko cokali ba zan iya riƙewa ba."

"Ayya. Sannu."

"Yawwa, Malam."

"Na dama ne ko?"

"Shi ne, Malam. Shi nake aiki da shi."

"Da shi ka zana tsohuwar can?"

"Da shi, Malam."

Malama Sake ta runtse ido.

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali. Ya taka zuwa ɗaya allon, ya zaɓi gawayi ɗaya daga farantin, ya hure ƙurarsa. Ya dawo ya tsaya gaban Yaya.

"To ai an yi sa'a, Malam. Wanda ya zana tsohuwar can da hagu ya zana ta."

Ya kamo lafiyayyen hannun Yaya, ya buɗe tafin, ya ɗora masa gawayin a ciki.

"Bismillah. Rabin awa."

Yaya bai kalli gawayin ba. A hankali ya juyo da kansa, ya sauke idonsa a kan Auta.

"Kin sani?" ya ce.